Wa Paparoma yake miƙa wa takardar murabus?

Wani ɗan'uwa musulmi ya turo min tambaya, yace: "Malam, ku 'yan Katolika kuna cewa Paparoma magajin Bitrus ne, Allah ne ya ɗora shi, kuma ba ya kuskure. To yaya aka yi Benedikt ya yi murabus a 2013? Wa ya miƙa wa takardar? Da ya sauka ina rashin kuskuren ya tafi? Ni dai a ganina tsige shi aka yi aka rufa masa asiri."

Toh ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, tambayar nan taka ko cikin 'yan cocinmu da yawa ba za su iya amsa ta ba, na daɗe ina koyar da tarihin coci da dokokinta kuma duk shekara sai ɗalibai sun kawo min ita. Kuma na san daga inda zarginka ya taso. Mu nan in akace sarki ya yi murabus kowa ya san me ake nufi, an kira shi ne an ajiye masa takarda ance sa hannu. Haka aka yi wa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963 zamanin gwamnatin Sardauna, aka kai shi Azare, har yau kuma in za a ambace shi murabus ake cewa. Saboda haka kunnen Bahaushe in ya ji kalmar sai ya waiwaya ya nemi hannun da ya tura. A masarauta akwai gwamna sama da sarki, shine mai hannun. A Roma kuwa in ka ɗaga kai sama da Paparoma ba za ka ga kowa ba, kuma daga nan duk amsarka za ta fito.

Kundin dokokin cocin Katolika da ake aiki da shi yanzu na 1983 ne, doka ta 332 sashe na 2 ita ce ta yi maganar. Abun da ta ce a taƙaice, in Paparoma ya ajiye muƙaminsa sharaɗi biyu ne kawai, ya zama da son ransa ya yi, kuma ya bayyana shi a fili yadda ya kamata, amma ba a buƙatar wani ya karɓa. Kaga amsar tambayarka ta farko kenan, ba wanda yake miƙa wa. Ba kadinal-kadinal masu zaɓen Paparoma ba, ba taron bishop-bishop ba. Sanarwa yake yi, ba roƙo ba. Ka kwatanta da sauran bishop-bishop, su doka ta 401 ta ce in mutum ya cika shekara 75 ya rubuta wa Paparoma takarda, sannan ya zauna yana jira, ana iya karɓa yau ana iya barinsa ya ƙara shekara biyu ko uku. Kadinal John Onaiyekan na Abuja ya cika 75 a Janairun 2019, sai a Nuwamban shekarar aka karɓi tasa aka ɗauko Ignatius Kaigama daga Jos ya gaje shi. Shi akwai wanda zai ce masa to ko a'a. Paparoma ba shi da wannan, kuma dokar shekara 75 ɗin ma ba ta hau kansa ba.

Yadda Benedikt na 16 ya yi nasa kuwa, ranar 11 ga Fabrairu 2013 ce, an tara kadinal-kadinal kan maganar wasu da za a sa cikin jerin waliyyai, an gama abun da ya tara su kowa na shirin tashi sai tsohon ya ɗauko 'yar takarda ya fara karantawa da Latin a hankali, yana cewa ya sha binciken zuciyarsa a gaban Allah ya tabbata ƙarfinsa saboda tsufa ya daina kai wa ga wannan aiki, kuma da cikakken 'yancinsa yake sauka, kujerar za ta zama ba kowa daga ƙarfe 8 na dare ranar 28 ga wata. Shekararsa 85 a lokacin. Wata 'yar jarida 'yar Italiya, Giovanna Chirri, ita ta riga duniya jin labarin don kawai ta iya Latin, sauran suna zaune suna jiran fassara. Daren ranar tsawa ta faɗo kan ƙubbar cocin Bitrus da ke Vatikan aka ɗauki hoto, masu neman alama suka samu abun yi. Ni dai ruwan sama na gani.

Yanzu ga wajen da nake so ka natsu, don nan ne mutane ke ruɗewa. A koyarwar Katolika iko iri biyu ne a jikin bishop. Akwai wanda yake samu ranar da aka ɗora masa hannu aka naɗa shi, wannan sakramenti ne kamar baftisma, kuma mun yarda yana barin tambari a ran mutum da ba ya gogewa, ko an kore shi daga aiki ko ya tsufa ko ya yi ridda ma, ba a sake naɗa shi in ya dawo. Matakan wannan naɗi uku ne kacal, dikin, fada, bishop. Daga bishop an ƙure, babu na huɗu. Sannan akwai ikon mulki, wato a ce kai ne mai kula da dayosis kaza, kai ke tura fada nan ka ɗauke shi can, wannan ba shi ake yi kuma ana iya ajiye shi. Paparoma ta fuskar naɗi bishop ne kamar na Sakkwato ko na Maraɗi, ba a ƙara masa wani shafe na daban ba. Abun da ya ɗaga shi shine kujerar da yake kai, kujerar bishop na Roma, garin da manzannin Yesu Bitrus da Bulus suka mutu. Ranar zaɓe tambaya ake masa, ka karɓa? Yace na karɓa, in dama bishop ne a daƙiƙar nan ya zama Paparoma, bikin da ake yi bayan kwanaki biki ne kawai. In ba bishop bane sai an naɗa shi nan take, rabon da a yi haka tun Giregori na 16 a 1831. To abun da aka shiga da "na karɓa" ana iya fita daga shi da "na ajiye". Benedikt ya mutu yana bishop, wannan ba yadda zai yi ya cire, amma mulkin Roma ya bar hannunsa ƙarfe 8 na daren nan, lokacin da dogaran nan 'yan Suwizalan suka rufe ƙofar gidan Castel Gandolfo inda ya koma suka tafi, don su Paparoma suke gadi kuma a lokacin babu shi.

Maganar rashin kuskure kuma, na san abun da ke ranka ma'asumi ne, yadda kuke faɗa game da annabawa. Ba haka muke nufi ba ko kusa. Paparoma mai zunubi ne, yana durƙusawa gaban wani fada ya furta zunubansa kamar kowa, Paparoma Faransis magajin Benedikt ma a idon jama'a ya yi a cocin Bitrus a 2014. Yana iya kuskure a siyasa, a naɗa mutane, a hira da 'yan jarida, a littafin da ya rubuta, a wa'azinsa na ranar Lahadi. Abun da babban taron Vatikan na ɗaya ya zartar ranar 18 ga Yuli 1870 ƙunci ne da shi sosai, cewa in Paparoma ya yi magana a matsayin makiyayin dukkan masu bi, kan bangaskiya ko ɗabi'a, yana yanke cewa wannan dole coci duka ta riƙe, to Allah zai tsare shi daga koyar da ɓata a wannan yanke hukuncin. Sunan abun da Latin ex cathedra, ma'anarsa "daga kan kujera", kaga sunan ma ya gaya maka inda kariyar take. Kuma tun 1870 sau ɗaya tak aka yi amfani da shi a wannan siga, Pius na 12 a 1950 kan ɗaukar Maryamu zuwa sama. Benedikt shekara kusan takwas ya yi bai taɓa ba. Saboda haka in kace ina rashin kuskuren ya tafi, ba inda ya tafi, yana nan a kujera ya jira wanda zai zauna, ranar 13 ga Maris Faransis ya zauna. Dama kariyar don coci aka yi ta, kada a ɓatar da ita, ba lambar yabo bace da aka rataya wa mutum ɗaya. Shi Bitrus ɗin ma da aka ce masa kai ne dutse a kanka zan gina ikkilisiyata, aka ba shi mabuɗai a Matiyu 16, shine ya yi musun Yesu sau uku, shine kuma Bulus ya tsawata masa ido da ido a Antakiya. Akwai ma Paparoma Honoriyus da babban taron Konstantinoful na shekarar 680 zuwa 681 ya la'anta bayan mutuwarsa saboda sakacinsa kan wata koyarwa, kuma waɗanda suka zauna a 1870 sun san da labarinsa sarai, sun yi ta kai ruwa rana a kansa, shi yasa suka ƙuntata sharuɗɗan haka.

Ba Benedikt ya fara ba. Tun shekara ta 235 Pontiyan ya sauka da Rumawa suka kore shi zuwa ramukan haƙar ma'adinai a tsibirin Sardiniya, ya san ba zai dawo ba yace a zaɓi wani. Akwai kuma na abun kunya, Benedikt na 9 a 1045 wanda kuɗi ya karɓa ya bar kujerar, ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda ya kafa dokar shine Selestin na 5, kuma labarinsa na fi so in ba ɗalibai.

Paparoma Nikolas na 4 ya mutu a 1292, kadinal-kadinal suka rabu gida biyu tsakanin manyan dangogin Roma, aka shekara biyu da 'yan watanni ba a zaɓi kowa ba. Can kan dutse akwai wani tsoho mai gudun duniya, Pietro na Morrone, wajen shekara 80, ya aiko musu da wasiƙa yace ku ji tsoron Allah ku gama abun nan ko fushinsa ya sauko muku. Sai suka ce to ai ga shi, kai za mu zaɓa. Haka aka yi a Yulin 1294, ya ɗauki sunan Selestin na 5. Bawan Allah kan jaki ya shiga garin L'Aquila aka naɗa shi, bai san mulki ba bai san makircin fada ba, sarkin Napoli ya ɗauke shi ya ajiye a garinsa yana juya shi yadda ya ga dama, ana kawo masa takardu yana sa hannu har muƙami ɗaya ya ba mutum biyu, shi kuma abun da ya dame shi kawai a gina masa ɗan ɗakin katako cikin fadar ya samu wajen addu'a. Wata biyar ya ga ba zai iya ba. Ya tambayi masana doka, ciki har da Kadinal Benedetto Caetani, ko ya halatta in sauka? Suka ce ya halatta. Ya fara fitar da doka cewa Paparoma na iya murabus, sannan ranar 13 ga Disamba 1294 ya yi amfani da ita, ya tuɓe kayan sarauta ya mayar da tsummansa. Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka zaɓi magaji, kuma wa aka zaɓa? Caetani ɗin nan da ya ba da shawara, ya zama Bonifas na 8. Kai ma ka san abun da mutane za su ce. Tsohon ya so komawa dutsensa, Bonifas ya ji tsoron kada maƙiyansa su ɗauke shi su ce ga Paparoma na gaskiya, ya sa aka kamo shi aka tsare a gidan Fumone, can ya mutu a 1296. A 1313 coci ta sa shi cikin waliyyai.

Maƙiyan Bonifas, musamman kadinal biyu 'yan gidan Colonna, hujjarsu ita ce irin taka, sukace Paparoma da coci aure ne Allah ya ɗaura, mutum ba ya kwance shi. Wanda ya ba su amsa a rubuce wani malami ne, Giles na Roma, kuma amsarsa ita ce wadda na ba ka a sama, naɗi daban mulki daban, mulki da yardar mutum ya zo da yardarsa zai iya tafiya. Abun dariya shi Giles ɗin shugaban ƙungiyar Agustinawa ne a zamaninsa, muƙamin da Paparoma Leo na 14 ya riƙe daga 2001 zuwa 2013. Bonifas ya sa dokar Selestin cikin kundin dokoki a 1298, daga nan ta gangaro har zuwa ta 1917 da ta 1983. Benedikt kuwa a Afrilun 2009, bayan girgizar ƙasar L'Aquila, ya je kabarin Selestin ya ajiye farin gyalen ulun nan da aka rataya masa ranar hawansa ya tafi ya bar shi, lokacin ba wanda ya kawo komai a ransa.

To tsigewa fa, ana iya tsige Paparoma? A dokar yanzu babu hanya. Doka ta 1404 ta ce kujerar farko ba mai yi mata shari'a, ta 333 kuma ta ce hukuncin Paparoma ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Sai dai an taɓa zuwa bakin abun. Daga 1378 coci ta tsage, Paparoma ɗaya a Roma ɗaya a Avignon ta Faransa, kowa da kadinal-kadinal ɗinsa da ƙasashen da ke bayansa, a 1409 aka yi taro a Pisa don a gyara aka sauke su biyun aka zaɓi sabo, su kuma suka ce ba inda za su, sai suka zama uku. An sayar da kare an sayi biri kenan. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayanin yadda gari ke zama in mutum biyu na amsa sarauta ɗaya ba. Sai babban taron Konstans a ƙasar Jamus daga 1414, ya tsige na Pisa, ya tsige na Avignon, har ya fitar da sanarwa cewa ikonsa daga Almasihu yake kai tsaye kuma ko Paparoma dole ya bi shi. Amma ka duba dabarar da na Roma, Giregori na 12, ya yi. Yace zan sauka amma da sharaɗi, sai an fara karanta takardata cewa ni na kira wannan taro. Suka ga ba abun da zai rage su da shi suka yarda, ranar 4 ga Yuli 1415 aka karanta kiran taron da sunansa sannan wakilinsa Carlo Malatesta ya karanta murabus ɗinsa. Da wannan ɗan abun Roma take cewa har yau ba a taɓa samun taro ya tsige Paparoma na gaskiya ba, biyun da aka tsige dama ba na gaskiya bane, na gaskiyan da kansa ya sauka. Ni a matsayina na mai karanta tarihi zan ce maka Giregori matsin lamba ya sha ba kaɗan ba, kuma mutanen da ke zaune a Konstans ba haka suka ɗauki abun ba, amma fassarar Roma ita ta yi nasara, a 1460 Pius na 2 ya haramta kai ƙarar Paparoma gaban taro, 1870 kuma ta rufe ƙofar gaba ɗaya.

Saura zarginka, an tilasta wa Benedikt? Tambaya ce mai nauyi don in an tilasta masa murabus ɗin ya ɓaci, doka ta 188 ta ce murabus da aka yi cikin tsoro mai tsanani da aka jefa mutum ba bisa haƙƙi ba, ko yaudara, ko babban kuskure, ko cinikin muƙami, banza ne. Kuma gaskiya ruwa ba ya tsami banza, shekarar 2012 ta yi masa zafi, hadiminsa na cikin ɗaki Paolo Gabriele ya kwashi takardunsa na sirri ya ba ɗan jarida, asirin rigingimun fadar Vatikan ya tonu, ga badaƙalar lalata da yara da ta dabaibaye coci, ga matsalar bankin Vatikan. Amma damuwa daban tilas daban. Tun 2010 a hirarsa da ɗan jaridar Jamus Peter Seewald ya faɗa ƙarara cewa in Paparoma ya ga jikinsa da hankalinsa sun kasa yana da haƙƙin sauka, wani lokacin ma wajibi ne, ya kuma ce ba a gudu lokacin da ake cikin haɗari, sai ƙura ta lafa. Haka kuwa ya yi, sai da aka gama shari'ar hadimin ya je har kurkuku ya yafe masa a Disamban 2012 sannan ya sanar. Shi da bakinsa yace tafiyar Meziko da Kuba a Maris 2012 ita ta nuna masa ya gama, ga taron matasa na Brazil na jiransa a Yulin 2013, daga baya kuma aka ga wasiƙarsa yana cewa rashin barci ya addabe shi tun 2005. Kar ka manta kuma shi ya tsaya kusa da John Paul na 2 shekara da shekaru yana kallon yadda ciwon karkarwa ya cinye shi har magana ta gagara, yana kuma ganin su wa ke tafiyar da al'amura da sunan mara lafiya. Mutumin ya rayu kusan shekara goma bayan saukarsa, ya mutu 31 ga Disamba 2022 yana da 95, baƙi na shiga suna fita, yana rubuta wasiƙu, a 2014 ya rubuta wa wani ɗan jarida cewa shakkar ingancin murabus ɗinsa shirme ne kawai, a 2021 ya sake cewa Paparoma ɗaya ne. Wanda aka yi wa dole shekara goma ai ko da ido ya nuna.

Akwai wasu 'yan cocinmu, yawanci waɗanda ba sa ƙaunar Faransis, da suka kama wata kalma suka riƙe. Wai kalmar Latin da doka ta yi amfani da ita munus ce, wato muƙamin, shi kuma a jimlar saukarsa ministerium yace, wato hidimar, saboda haka aikin ya ajiye ba kujerar ba. Wannan wasa da hankali ne. A takardar dai ya yi amfani da kalmomin biyu yana musanya su, kuma a ciki yace kujerar Bitrus za ta zama ba kowa a kira zaɓen sabon Paparoma, ranar tafiyarsa kuma ya gaya wa kadinal-kadinal cewa a cikinku akwai Paparoma mai zuwa kuma tun yau na yi masa alkawarin biyayya ba sharaɗi. Me ya rage?

Inda ni nake ganin Benedikt ya yi kuskure, kuma ina faɗa da girmamawa don malami ne da na ƙaru da shi ƙwarai, shine abun da ya biyo baya. An soke zoben hatiminsa, ya ajiye jan takalmi, amma ya riƙe farar riga, ya riƙe sunan Benedikt, aka ƙirƙiro masa laƙabin Paparoma mai murabus wanda babu shi a kowace doka, ya kuma zauna cikin Vatikan ɗin a wani gidan zuhudu. Selestin tsummansa ya koma, Giregori kadinal ya koma. Talaka ba ya karanta doka ta 332, hoto yake gani, ya ga tsofaffi biyu da fararen kaya suna gaisawa yace Paparoma biyu. Sakatarensa Georg Gänswein ya ƙara dagula ruwan a 2016 da yace wai hidimar Bitrus ta faɗaɗa, akwai mai aiki akwai mai addu'a. A Janairun 2020 kuma littafi ya fito da sunansa tare da Kadinal Robert Sarah ɗan Gini kan hana su fada aure, daidai lokacin da Faransis ke nazarin maganar, sai da aka nemi a cire sunansa daga matsayin marubuci. Duk wanda ya ji haushin mai ci sai ya nufi gidan tsohon, ko tsohon bai kira shi ba. Faransis da kansa yace in shi ne zai sauka, bishop na Roma mai murabus za a kira shi kuma ba zai zauna a Vatikan ba, ina ganin gyara ne yake yi cikin ladabi.

Kar kuma ka ɗauka tunda ba mai tsige shi to abun da ya ga dama yake yi. Ba ya iya taɓa Littafi Mai Tsarki, ba ya iya raba auren da aka ɗaura a coci tsakanin masu baftisma aka kuma tare, ba ya iya soke muƙamin bishop yace shi kaɗai ya isa, ba shi yake zaɓen magajinsa ba. Da Bismarck shugaban gwamnatin Jamus na lokacin yace ai yanzu bishop-bishop sun zama ma'aikatan Paparoma, bishop-bishop ɗin Jamus suka mayar masa da martani a 1875 cewa ƙarya ne, Pius na 9 kuma ya goyi bayansu. Benedikt ma watan farko da hawansa yace Paparoma ba sarki bane da ra'ayinsa ke zama doka. A aikace ma ikon yana da iyakar da ba a rubuta ba, mun gani a nan Najeriya. A Disamban 2012 Benedikt ya naɗa Peter Okpaleke bishop na Ahiara a jihar Imo, su fada da mutanen yankin, wato Mbaise, sukace ba ɗansu bane ba zai shigo ba, a Yunin 2017 Faransis ya ba kowane fada na dayosis ɗin kwana 30 ya rubuto takardar biyayya ko a dakatar da shi, da yawa suka rubuta, amma bishop bai shiga ba, a Fabrairun 2018 shi ya yi murabus Faransis ya karɓa. Daga baya aka ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia, a 2022 aka yi masa kadinal, a Mayun 2025 yana cikin mutum 133 da suka shiga zaɓen Leo.

Akwai rami guda da har Faransis ya rasu ba a cike ba, kuma shi ya fi damun masana doka fiye da duk surutun munus. Murabus sai da son rai da hankali. To in Paparoma ya faɗi ya suma wata da watanni, ko tsufa ya tafi da hankalinsa, ba zai iya cewa na ajiye ba, ba kuma mai ikon cewa an ajiye maka. Doka ta 335 ta ambaci irin wannan hali tace a bi dokoki na musamman da aka tanada, amma na mutuwa da murabus kawai aka rubuta, na wannan ba a fitar ba. Paul na 6 ya rubuta takardar murabus tun 1965 ya ajiye ko da ciwo zai kayar da shi, Faransis ma a 2022 ya faɗa cewa ya sa hannu a irinta tun farkon hawansa ya ba Kadinal Bertone. Sai dai takardar ba ta buɗe kanta, dole wani ya duba mara lafiyan yace lokaci ya yi, kuma duk wanda ya faɗi haka ya yanke hukunci kenan kan kujerar da akace ba mai yi mata hukunci. Da Faransis ya kwanta asibitin Gemelli kwana 38 daga 14 ga Fabrairu 2025 maganar da muke ta yi kenan da abokan aiki, Allah ya sa hankalinsa bai gushe ba yana sa hannu a takardu daga gadon asibiti, ya fito 23 ga Maris, ya rasu 21 ga Afrilu washegarin Ista yana kan kujerarsa, takardar tana nan ba a taɓa ta ba.